Juan de la Cierva: Injiniyan da Sifaniya ke jayayya a kan sunansa

Ƙaramin jirgin nan mai farfela a ka, wanda masu shi ke ƙera wa rufaffiyar tirela su ja shi da mota zuwa filin tashi, ƙirƙirar Juan de la Cierva ce, haifaffen Murcia a 1895. Autogiro ɗinsa ya fara tashi a 1923. Iska ke juya farfelar saman, don haka ko injin ya mutu, a hankali yake sauka.

Sai dai a Yulin 1936, da hannunsa wajen hayar jirgin da ya kai Janar Franco Maroko domin jagorantar tawaye. Cikin Disambar shekarar ya mutu a hatsarin jirgin fasinja a Ingila. A 2021 gwamnatin Sifaniya ta hana raɗa wa filin jirgin Murcia sunansa.