Imamu Abu Hanifa, Malami Kuma Attajirin Kufa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, tun da yake mu a ƙasar nan mazhabar Imamu Malik muke bi, galibin jama'a abin da suka sani game da Imamu Abu Hanifa shi ne yana cikin limaman mazhabobi huɗu. Kaɗan ne suka san cewa da kasuwa ya ci abinci, kuma yana cikin attajiran birninsu.

Sunansa na yanka Nu'umanu ɗan Sabitu. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 80 bayan Hijira, watau 699 Miladiyya, asalin kakanninsa kuwa mutanen Farisa ne. Sana'arsa sayar da wani yadi mai tsada da Larabawa ke kira hazzu, wanda akan saƙa da alharini da ulu. Yana saurayi yana kai da kawowa kasuwa, sai babban malamin nan Sha'abi ya ga alamar fahimi tare da shi, ya shawarce shi da ya riƙa zama wurin malamai. Ya lizimci Hammadu ɗan Abu Sulaimanu shekara 18 yana ɗaukar fiƙihu, har Hammadu ya rasu a shekara ta 120, shi ya gaji buzunsa. Duk da haka bai rufe kanti ba.

To, yaya mutum guda ya riƙe makaranta da kanti? Wani almajirinsa ya ba da labarin yadda ya raba lokacinsa. Daga hantsi zuwa azahar yana kasuwa, sauran yini na karatu ne. Ranar Asabar ba ya zuwa kasuwa, ba ya zama majalisi, ranar duba gida da dukiya ce. Ranar Juma'a kuwa sai ya tara abokansa a gida ya ciyar da su. Yana da abokin tarayya da yara masu tsare masa kanti, saboda haka ba sai ya yini a kan kaya ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne halinsa wajen ciniki. Wata rana wata mace ta kawo masa tufar alharini, ta sa mata dirhami 100. Ya gaya mata tufar ta fi haka. Ta ƙara ɗari, ya ce da sauranta, har ta kai 400, ya ce har yanzu ba ta kai ba. Matar ta zaci ba'a yake yi mata. Ya sa ta kira wanda ya san kaya ya kimanta, ƙarshe dai ya saya a kan 500. Mai saye ne fa yake ɗaga wa mai sayarwa kuɗi. Wata tsohuwa kuma ta roƙe shi ya sallama mata wata tufa yadda ya saro ta, ya ce ta kawo dirhami 4. Da ta yi mamaki sai ya bayyana mata cewa biyu ya saro tare, ya sayar da guda a kan uwar kuɗin duka in ban da dirhami 4, don haka abin da ya rage a kan wannan ke nan.

Sa'an nan ga labarinsa da abokin tarayyarsa Hafsu ɗan Abdurrahman. Ya aika masa da kaya, ya nuna masa cewa akwai tufa guda mai aibi, in zai sayar ya nuna wa mai saye. Hafsu ya manta, ya sayar, kuma bai san inda mutumin ya nufa ba. Da Abu Hanifa ya ji, sai ya yi sadaka da kuɗin kayan nan baki ɗaya, don kuɗin tufa guda ya gauraya da saura. 'Yan'uwanmu masu ninke yadi ta inda ya huje su sa shi a ƙarƙashi, ai sun ji.

Hatta rantsuwa ya sa wa kansa tara a kanta. In ya rantse da Allah cikin magana, ko da kan gaskiya ne, sai ya ba da sadakar dirhami guda, daga baya ma ya mayar da ita dinari. Duk abin da ya kashe wa iyalinsa yakan fitar da kwatankwacinsa sadaka, in ya ɗinka sabuwar riga kuma sai ya tufatar da malamai da irinta. Shi kansa mutum ne mai son tufafi masu kyau da turare. Daga ribar kantin nan ya riƙe almajirai matalauta, cikinsu har da Abu Yusufa, wanda talauci ya kusa raba shi da karatu, ya zo ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Haruna Rashidu.

A ganina, amfanin wannan dukiya mai tsarki ya fi fitowa fili ranar da ya yi karo da masu mulki. Ibnu Hubaira, gwamnan Banu Umayya a Iraƙi, ya nemi ya ba shi muƙami, ya ƙi. Aka yi masa bulala, bai sauya ba, ya bar Kufa ya koma Makka wajen shekara ta 130. Da mulki ya koma hannun Abbasiyawa ya dawo gida. Halifa Mansur ya aika masa da kyauta bai ci ba, ya nemi ya naɗa shi alƙali, nan ma ya ƙi. Malamin da tuwonsa ke fitowa daga fada da wuya ya iya wannan, shi kuwa tuwonsa daga kantinsa yake fitowa. Mansur ya sa aka tsare shi, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 150, watau 767, yana da shekara 70. Aka tarar da ajiyar mutane mai yawan gaske a gidansa, ɗansa Hammadu ya mayar wa masu ita. Kabarinsa yana unguwar A'azamiyya a Bagadaza, mazhabarsa kuwa ita ce mafi yawan Musulmin Turkiyya da Pakistan da Indiya ke bi. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.