Arnold Pick (1851–1924) da Matsalar Rushewar Jumla

An haifi Arnold Pick a shekarar 1851 a yankin Morabiya, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Ya karanci likitanci a Vienna, ya kammala a 1875, sannan ya ƙaro ilimi a Berlin wurin Carl Westphal. A 1886 aka naɗa shi farfesan cututtukan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Jamusawa ta Prague, kuma a nan ya zauna har ya yi ritaya a 1921.

Likitoci sun fi tunawa da shi saboda cutar ƙanƙancewar wani sashe na ƙwaƙwalwa da ya bayyana a 1892, wadda daga baya aka laƙaba mata sunansa. Amma ga manazarcin harshe, aikinsa mafi muhimmanci shi ne littafin da ya fitar a 1913 a kan rushewar nahawu a bakin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni. Kafin shi, mabiyan Broca da Wernicke sun fi karkata ga kalma ɗaya ɗaya: ina take ajiye a ƙwaƙwalwa, kuma me ya hana ta fita. Pick ya lura cewa akwai majinyacin da kalmomi ba su ɓace masa ba, amma ya kasa jera su. Sunaye suna fita, harufa da ɗafe-ɗafe suna zubewa, aikatau kuma ya zo tsirara. Kwatankwacinsa a Hausa shi ne mutum ya ce yaro, ruwa, sha, ba tare da zagin aikatau ba, har mai sauraro ya rasa gane ko an sha ne ko za a sha.

Bayanin da ya bayar ya dogara da ra'ayin likitan Ingila Hughlings Jackson, wanda ya sadaukar wa littafin. A ganinsa, magana tana bin matakai daga tunani zuwa furuci, kuma tsarin jumla yakan riga zaɓen kalmomi samuwa. Wato ba tara kalmomi ake yi a sami jumla ba. Gurabe ake fara tanada, sannan a cike su. Ya kuma ɗauki gajeruwar maganar majinyaci a matsayin dabarar tsimin ƙarfi: mai rauni yakan riƙe abin da ke ɗauke da saƙo, ya saki saura. Wannan batu ba ƙarami ba ne ga mai jinya, domin akwai bambanci tsakanin koya wa mutum nahawun da ya ɓata da taimaka masa ya kai ga wanda yake da shi. Hanyoyin jinya na baya-bayan nan, waɗanda ke horar da majinyaci ya danganta mai aikatawa da wanda aka aikata wa da gurabensu a jumla, a kan irin wannan fahimta suka tsaya, ko da yake ba duka masu su ne suka ambace shi ba.

Littafin yana da wuyar karatu, kuma kashi na farko kawai ya fito; kashin da aka sa ran zai ƙunshi bayanan majinyata bai samu ba. Idanunsa sun yi rauni a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Prague a 1924. Taƙaitaccen aikinsa kan cututtukan harshe ya fito a 1931, bayan rasuwarsa, kuma sai a 1973 aka fassara shi zuwa Ingilishi.