Marigayi Iya Mashal Ibrahim Alfa: Ɗan Makarantar Jimeta Da Ya Tuƙa Jet

Mu mazauna Gwadabawa mun saba da rugugin jirgi idan ya tashi daga filin jirgin saman Yola, har yaranmu ba su ɗaga kai su duba. Amma kaɗan ne cikinsu suka san cewa ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko da suka koyi tuƙin jet, a nan Jimeta ya fara karatun boko. Shi ne marigayi Iya Mashal Ibrahim Mahmud Alfa.

An haife shi a Garkida cikin shekarar 1942. Ya yi firamare a Jimeta, ya yi sakandare a Yola, sa'an nan ya wuce kwalejin Barewa ta Zariya. A 1963 ya shiga sahun farko na samarin da aka ɗauka domin kafa rundunar sojan sama. Lokacin kuwa rundunar sunanta kawai ake ji, don dokar kafa ta ma sai a 1964 aka yi ta, kuma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Saboda haka aka kwashi su Alfa zuwa Jamus ta Yamma, wani gari Uetersen kusa da Hamburg. Ku duba fa, yaron da ya tashi cikin zafin Jimeta, ga shi cikin ƙanƙara, ga harshen da bai taɓa ji ba.

A wancan zamani da ƙaramin jirgi mai farfela ake fara koyo, kuma irinsa Jamusawa suka ba mu. Sai juyin mulkin 1966 ya sa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, shi ma ya komo gida a shekarar. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Tarayyar Sobiyat ta kawo jiragen MiG-15 da MiG-17 ta Kano. Da fari Misirawa ne ke tuƙa su. Alfa yana cikin waɗanda aka tura su koya.

To, a nan wuyar take. Jirgi mai farfela kana tura masa mai zai amsa nan take. Injin jet na zamanin kuwa sai ya ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ƙarfinsa ya kawo, ga shi da gudu yake sauka. Wanda ya bari gudunsa ya ragu dab da ƙasa, kafin injin ya farka ya riga ya makara. Dole matuƙi ya riƙa tunanin abin da ke gabansa tun bai iso ba. Wannan darasi ne dai matuƙan farar hula suka sha sa'ad da kamfanin Nigeria Airways ya sayo Fokker F28 da Boeing 737 domin gajeren zango a cikin gida. Bambancin kawai, su Alfa cikin yaƙi suka koya.

Bayan yaƙi ya koyar da tuƙi a Kano, ya je Amurka ya yi kwas na malaman tuƙi a kan jirgin T-38, ya kuma koyi MiG-21 wajen Rashawa. Ya riƙe jihar Kaduna daga 1978 zuwa Oktoban 1979, ya miƙa wa Alhaji Balarabe Musa.

A Janairun 1984 Janar Buhari ya naɗa shi shugaban sojan sama, Janar Babangida kuma ya bar shi a kai har 1990. Shi ne na farko a rundunar da ya kai muƙamin Iya Mashal. Sai dai kujerar ba ta yi masa daɗi duka ba. A ƙarshen 1985 aka kama Janar Mamman Vatsa da wasu hafsoshi bisa zargin shirya juyin mulki, ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe mutum goma, cikinsu har da matuƙa na rundunarsa. Mu dai a ganinmu, ga mutumin da ya san shekarun da ake ɗauka kafin a sami matuƙi guda, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. Jiragen Jaguar na Ingila da suka iso a zamaninsa ma, ba su daɗe ba aka jingine su saboda rashin kuɗi da kayan gyara.

Ya rasu a watan Maris na 2000, yana da shekara 57. Allah Ya jiƙansa.