Alois Alzheimer: Likitan da cutar mantuwa ta ci sunansa

A gidaje da dama na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela akwai tsohuwar da ke tambayar ɗanta da ya tafi ci-rani Abidjan ko Legas sau goma a wuni, ko da yanzu suka gama magana ta waya. Akwai kuma dattijon da zai fita sallar asuba a masallacin da ya shekara 40 yana zuwa, a tsince shi da hantsi a bakin kasuwa ya rasa hanyar gida.

Mafi yawan mutane kan ce gigin tsufa ne. Wasu su ce jifa ne ko aljanu, inda abin ya yi muni kuma a laƙaba wa tsohuwa maita. Likitoci suna kiran wannan lalura cutar mantuwa, kuma nau'inta da ya fi yawa yana ɗauke da sunan wani likita Bajamushe da ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A kowace shekara ana samun sabbin masu cutar kusan miliyan 10, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ita nau'in Alzheimer ne ke damun su. To wane ne mai sunan?

Tasowarsa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yunin 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari a yankin Bavaria na ƙasar Jamus. Mahaifinsa jami'i ne mai tabbatar da takardun shari'a. Ya yi karatun sakandare a Aschaffenburg, sannan ya karanci likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. Binciken da ya kammala digirinsa da shi a 1887 bai shafi ƙwaƙwalwa ba, a kan gaɓoɓin da ke samar da dauɗar kunne ya yi shi. Amma a wannan aiki ne ya saba da maikuroskof, madubin da likitoci ke duba ƙananan abubuwan da ido ba ya gani.

A ƙarshen 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt, a ƙarƙashin Dokta Emil Sioli. A wancan zamani ɗaure majinyata da kulle su shi ne abin da aka saba. Sioli da Alzheimer suka ɗauki wata hanya. Suka rage ɗauri, suka riƙa kwantar da majinyacin da ya rikice ta hanyar wanka mai tsawo da ruwan ɗumi, suka kuma riƙa zama suna hira da shi suna rubuta abin da ya faɗa.

A nan ya haɗu da abokinsa Franz Nissl, wanda ya ƙirƙiro wani rini da ke fito da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fili a ƙarƙashin madubi. Da rana suna tare da majinyata, da dare suna duba ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu. Abin da suke nema shi ne alaƙar da ke tsakanin halin da mutum ya nuna yana raye da abin da ya lalace a cikin kansa.

A 1894 ya auri Cecilie Geisenheimer, wata mai dukiya da mijinta ya rasu. Sun haifi 'ya'ya uku, Gertrud da Hans da Maria. Cecilie ta rasu a farkon 1901, 'yar'uwarsa ta dawo gidan ta riƙe yaran. Dukiyar da matar ta bari ce ta ba shi damar shafe shekaru yana bincike ba tare da dogaro da albashi ba.

Matar da ta manta sunan mijinta

Ranar 25 ga Nuwamban wannan shekara ta 1901 wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya kawo matarsa Auguste Deter asibitin. Shekarunta 51. Abin ya fara ne da kishi marar dalili, tana zargin mijin da wata maƙwabciya. Daga nan ta fara rikita girki, tana ɓoye kaya a lungunan gida, tana ɓacewa a cikin ɗakunanta, tana jan zannuwan gado a ƙasa, tana kuma kwarma ihu da tsakar dare don tana ganin za a kashe ta.

Washegari Alzheimer ya zauna da ita. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sunan mijinta, ta sake faɗin nata sunan. Ya nuna mata fensir da mabuɗi da wasu ƙananan kaya, ta ambace su daidai, bayan ɗan lokaci ta manta an nuna mata komai. Tana cikin cin abinci ya tambaye ta abin da take ci, ta ambaci wani daban. Da ya ce ta rubuta sunanta, ta fara, ta tsaya a tsakiya, ta shaida masa cewa ji take kamar ta rasa kanta.

Likitoci sun saba ganin irin haka ga masu shekara 70 ko 80, suna ɗaukarsa wani ɓangare na tsufa. Ƙarancin shekarun Auguste ne ya ja hankalinsa. Ya ci gaba da bibiyarta, kuma da mijin ya so mayar da ita wani wuri mai rahusa saboda kuɗin jinya ya yi masa nauyi, Alzheimer ya sa baki aka bar ta a Frankfurt.

A 1903 ya bi fitaccen likitan ƙwaƙwalwa Emil Kraepelin, da farko zuwa Heidelberg, daga nan zuwa Munich, inda ya shugabanci ɗakin binciken ƙwaƙwalwa. Ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa koyo wurinsa. Cikinsu akwai ɗan Afirka ta Yamma, Solomon Carter Fuller, wanda aka haifa a Monrovia ta Laberiya a 1872 ya kuma yi karatu a Amurka. Fuller ne ya wallafa ɗaya daga cikin bayanai na farko a kan cutar da Turancin Ingilishi a 1912.

Jawabin da babu wanda ya yi tambaya a kansa

Auguste ta rasu ranar 8 ga Afrilun 1906, bayan ta daɗe a kwance ba ta magana, gyambon kwanciya ya ci jikinta. Aka aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta da takardunta zuwa Munich.

Da ya duba, ya ga ƙwaƙwalwar ta motse. Ya yi amfani da wani sabon rini mai azurfa da Max Bielschowsky ya ƙirƙiro, sai abu biyu suka bayyana. A tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan dunƙule da suka taru barkatai. A cikin ƙwayoyin kansu kuma akwai wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe. Ƙwayoyi da yawa sun mutu, cukurkuɗaɗɗen zaren kawai ya rage a gurbinsu. Har yau waɗannan alamomi biyu ne ake tabbatar da cutar da su.

Ranar 3 ga Nuwamban 1906 ya gabatar da sakamakon a taron likitocin ƙwaƙwalwa a Tübingen. Ya gama jawabi, ba wanda ya yi tambaya, aka wuce zuwa batu na gaba. Ya wallafa taƙaitaccen rahoto a 1907. A shekarar ne kuma wani likita a Prague, Oskar Fischer, ya bayyana irin waɗannan dunƙule a ƙwaƙwalen tsofaffi, ko da yake tarihi bai riƙe sunansa sosai ba. Abokin aikin Alzheimer, ɗan Italiya Gaetano Perusini, ya ƙara bayanin wasu majinyata.

Kraepelin ne ya raɗa wa cutar suna a 1910, a bugu na takwas na littafinsa na koyar da likitoci. Shi Alzheimer a zamaninsa an fi saninsa da binciken yadda tunjere ke lalata ƙwaƙwalwa.

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Breslau, garin da yanzu yake ƙasar Poland da sunan Wrocław. A kan hanyarsa ta zuwa can cikin jirgin ƙasa ya kamu da ciwon da ya taɓa masa zuciya, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1915 yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste ranar da ya fara ganinta. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Abin da aka gano bayansa

An shafe shekaru kusan 60 ana ɗaukar cutar Alzheimer wata baƙuwar cuta da ke kama masu matsakaitan shekaru jefi-jefi. A 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya yi rubutun da ya nuna cewa ita ce dai cutar da ke bayan mafi yawan ruɗewar tsofaffi. A 1984 aka gano sinadarin da ke cikin dunƙulen, ana kiransa amiloyid, ba da jimawa ba aka gano na zaren, ana kiransa tau. A 1995 kuma aka tsinci fayil ɗin Auguste a Frankfurt, da tambayoyin Alzheimer da amsoshinta a rubuce da hannunsa.

Masana sun kuma gano cewa tunawa kashi-kashi ce, kowane kashi da wurinsa a ƙwaƙwalwa. Cutar takan fara ne daga yankin hifokamfus, wanda ke karɓar sabon abu ya adana shi. Shi ya sa tsohuwa za ta manta ta ci tuwo ɗazu, amma ta ba da labarin yunwar 1973 dalla-dalla. Abin da jiki ya saba da shi, kamar kaɗi ko saƙar tabarma ko jan carbi, yakan daɗe bai tafi ba.

Waƙa ma tana cikin abubuwan da kan jima. A 2015 wasu masana, ciki har da na cibiyar Max Planck da ke Leipzig, sun wallafa bincike a mujallar Brain da ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki idan mutum ya ji waƙar da ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar ba ta saurin lalatawa. Wannan ne dalilin da mai cutar zai kasa faɗin sunan jikansa amma ya bi baitin waƙa har ƙarshe, ko ya kawo surar da ya haddace yana yaro a makarantar allo da irin muryar da malaminsa ya biya masa.

Waƙa ba ta warkar da cutar, kuma har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Abin da bincike ya nuna shi ne tana iya rage damuwa da ƙunci, ta kwantar da mai cutar, ta buɗe ƙofar hira. Wadda ta fi tasiri ita ce wadda mutum ya ji tsakanin ƙuruciya da shekara 30. Ga dattijon Adar ko Gobir, wannan na iya zama Ɗan Gurmu na Tahoua, ko Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗan Anace, ko Shata da ya riƙa ji a rediyo. Ga tsohuwa kuma waƙoƙin daka da niƙa da daɓe da reno, ko Ishiriniyar da ake rerawa a watan Maulidi.

Abin da iyali za su iya yi

Matakin farko shi ne a kai mutum ga likita, ko a asibitin gunduma, ko na Galmi, ko babban asibitin Tahoua. Ba kowace ruɗewa ce cutar Alzheimer ba. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙishirwa a lokacin bazara, ƙarancin wasu sinadarai a jiki da wasu magunguna duk suna iya rikita tsoho, kuma ana magance su. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da kurumtar da ba a kula da ita ba suna ƙara haɗarin cutar, don haka awon jini ga iyaye tun suna shekara 40 ko 50 yana da muhimmanci.

A gida, masu kula da irin waɗannan majinyata suna ba da shawarar a daina musu da su da yi musu jarrabawar sunaye. Idan inna ta tambayi ɗanta karo na goma, a amsa mata kamar karo na farko. A bar mata ɗakinta da kayanta yadda ta saba. A sanar da maƙwabta da limami da mai unguwa, don idan an gan ta tana yawo da dare a maido ta gida maimakon a tara mata jama'a. A kuma riƙa karɓar wadda ke jinyar, domin galibi mace ɗaya ce nauyin ke kanta dare da rana.

Wanda ke nesa ma yana da rawar da zai taka bayan aiken kuɗi. Zai iya tambayar ƙannen mahaifiyarsa waƙoƙin da take so tana budurwa, ya tura su a sa mata a waya ko ƙaramar rediyo mai katin memori, a hankali, ana lura da fuskarta. Idan waƙar ta tayar mata da hankali a kashe. Idan ya kira ta kasa gane muryarsa, ya gwada fara mata waƙar da ta rene shi da ita, ya saurara.

Tun 1994 ake ware ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara don tunawa da masu cutar Alzheimer. Auguste Deter ba ta warke ba, likitanta ma bai rayu ya ga inda aikinsa ya kai ba. Abin da ya bari a fayil ɗinta shi ne shaidar cewa ya ja kujera ya zauna kusa da matar da ta ruɗe, ya kira ta da sunanta, ya saurari amsarta ko da ba ta yi daidai ba.