Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Samar da Lantarki daga Maganaɗisu

An haifi Michael Faraday ran 22 ga watan Satumba, 1791, a wata unguwa da ke kudancin Landan, a ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne matalauci, ga shi kuma ba shi da ƙoshin lafiya, saboda haka karatun yaron bai wuce sanin baƙi da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wajen George Riebau. Shekara bakwai ya yi a nan, yana aiki yana karance littattafan kimiyya da aka kawo ɗinki.

A 1812 ya halarci laccocin shahararren masanin nan Humphry Davy. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi guda, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar binciken kimiyya ta Royal Institution.

A zamanin nan, wanda duk ke son lantarki mai gudana sai ya nemi batir, shi kuwa ga tsada ga saurin ƙarewa. Masana sun san cewa lantarki yana haifar da ƙarfin maganaɗisu. Faraday ya ɗora tambaya a kan haka, watau ko maganaɗisu ma zai iya haifar da lantarki. A 1831 ya sami amsa. Ya lura cewa in aka zura maganaɗisu cikin nannaɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan gudana, in aka daina motsa shi kuma sai ya tsaya. Ashe motsin ne asirin. Daga nan ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakuna biyu na maganaɗisu, ya sami lantarki mai gudana ba yankewa. Wannan shi ne kakan janareto.

A kan wannan ƙa'ida manyan injunan tashoshin lantarki ke aiki har yau, ko ruwa ke juya su kamar na madatsar Kainji, ko tururi, ko iska.

Duk da haka Faraday bai nemi dukiya ko sarauta ba. Sau biyu ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society, kuma da gwamnati ta nemi taimakonsa wajen haɗa makamai masu guba lokacin yaƙin Kirimiya, ya ƙi. Ya rasu ran 25 ga watan Agusta, 1867, yana da shekara 75.