Domingos da Guia: Ɗan bayan Birazil da ya ƙi buga ƙwallo sama

A ranar 16 ga Yunin 1938, a birnin Marseille na Faransa, Birazil ta kara da Italiya a wasan dab da na ƙarshe na Gasar Kofin Duniya. Bayan dawowa daga hutun rabin lokaci, Italiya na gaba da ci ɗaya, sai ɗan bayan Birazil Domingos da Guia ya kai wa Silvio Piola ƙafa a cikin da'irar mai tsaron gida. Alƙalin wasa ya ba da fenariti, Giuseppe Meazza ya zura ta a raga, aka tashi 2-1.

Abin mamaki shi ne, wanda ya tafka wannan kuskure shi ne ɗan wasan da aka fi sani da natsuwa a duk faɗin Kudancin Amurka a lokacin.

Daga unguwar masaƙa

An haifi Domingos a ranar 19 ga Nuwamban 1912 a Rio de Janeiro, shekara 24 kacal bayan Birazil ta haramta bauta. Ya tashi a Bangu, unguwar ma'aikata da ta ginu a kewayen wata babbar masaƙa. A nan aka kafa ƙungiyar Bangu a 1904, kuma tana cikin na farko da suka saka baƙar fata a wasa, a zamanin da manyan ƙungiyoyin birnin ke kallon ƙwallo a matsayin wasan 'ya'yan masu hali.

Gidansu gidan tamaula ne, domin 'yan uwansa ma sun murza leda a Bangu. Shi kuwa ya shiga babbar tawagar ƙungiyar a 1929, yana ɗan shekara 16.

A wancan lokaci aikin ɗan baya bai wuce ɗaya ba: ƙwallo ta zo, ka doka ta can nesa. Domingos ya ƙi wannan. Yakan tare ƙwallo, ya jira ɗan gaban abokan hamayya ya taso masa, ya yanke shi a gaban ragarsa, sannan ya miƙa wa abokin wasansa a ƙasa.

Daga baya ya danganta salon nasa da tsoro. A yarintarsa ya sha ganin ana dukan baƙaƙen 'yan wasa saboda sun yi wa farar fata ƙeta a fili, don haka ya koyi kauce wa haɗa jiki, yana aro ƙananan takun rawar samba.

Kofi uku a ƙasa uku

Wasan da ya yi wa Birazil a Montevideo a 1932, inda suka doke Uruguay mai riƙe da Kofin Duniya da ci 2-1, ya ja hankalin ƙungiyar Nacional, ta ɗauke shi. Ya ci gasar Uruguay a 1933, kuma a can aka laƙaba masa sunan Divino Mestre, wato malamin da gwanintarsa ta wuce ta mutane.

A 1934 ya koma gida ya lashe gasar Rio da Vasco da Gama. A 1935 kuma ya ci gasar Ajantina da Boca Juniors. Shekara uku a jere, ƙasa uku, kofi uku.

Ya koma Flamengo a 1936, inda ya ci gasar Rio a 1939 da 1942 da 1943. Daga nan ya wuce Corinthians, kafin ya dawo Bangu ya rataye takalmi a ƙarshen shekarun 1940.

Damar da ba ta dawo ba

Birazil ta gama gasar 1938 a matsayi na uku, amma fenaritin Marseille ya maƙale wa Domingos. Yaƙin Duniya na Biyu ya hana a yi gasar a 1942 da 1946, wato shekarun da yake kan ganiyarsa. Da ta dawo a 1950 ya riga ya yi ritaya, don haka bai sake samun damar wanke kansa ba.

Sunansa ma ya shiga bakin 'yan Birazil ta wata hanya mai harshen damo. Idan ɗan baya ya yi ƙoƙarin yanka a gaban raga aka ƙwace ƙwallon, sai su ce ya yi domingada. Kalmar zolaya ce ga masu kwaikwayonsa ba tare da baiwarsa ba.

Ɗansa Ademir da Guia ya gaji ƙwallon da laƙabin Divino, ya zama gwarzon Palmeiras. Shi ma Kofin Duniya bai yi masa daɗi ba, wasa ɗaya tak ya buga a gasar 1974.

Domingos ya rasu a Rio a ranar 18 ga Mayun 2000, yana da shekara 87. A yau manyan masu horarwa na neman 'yan bayan da za su iya fara wasa daga gaban ragarsu, abin da shi yake yi tun shekarun 1930, lokacin da ake ganinsa a matsayin ganganci.