Ahmad Baitursinov, Malamin da Ya Gyara Ajamin Kazak

An haifi Ahmad Baitursinov a shekarar 1872 a yankin Turgai, cikin shimfiɗaɗɗen filin ciyawa na Kazakistan, ƙasar da ta fi duk ƙasashen da ba su da mafita ta teku girma. Danginsa makiyaya ne, Musulmi mabiya mazhabar Hanafiyya, a ƙarƙashin mulkin Rasha. Yana yaro aka kori mahaifinsa zuwa Saiberiya saboda ya yi faɗa da wani jami'in gwamnati. Ya gama makarantar horon malamai ta Orenburg a 1895, ya shiga koyar da ƴaƴan makiyaya.

A aji ne ya ga inda gizo ke saƙa. Kazakanci, ɗan dangin harsunan Turkawa, harshe ne mai yawan wasula, amma ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci waɗanda ba su wadatar da wasulan ba. Duk wanda ya taɓa duba littafin bashi na ajami a Babbar Kasuwar Yamai ya san irin wannan matsala: rufu'a guda ce ke ɗaukar u da o, sai mai karatu ya cika sauran da sanin harshe.

A 1912 ya fito da gyaransa. Ya zubar da baƙaƙen da Kazakanci ba ya furtawa, ya sa a riƙa bayyana kowane wasali. Dabararsa mafi kyau kuwa daga jikin harshen ya ciro ta: tun da wasulan kalma guda sukan jitu, ko duk na gaba ko duk na ƙurya, alama ɗaya a goshin kalma ta isa ta nuna yadda za a karanta su gaba ɗaya. Ya rubuta nahawu, ya ƙirƙiro kalmomin suna da aikatau waɗanda ake koyarwa har yau, ya kuma shugabanci jaridar Kazak daga 1913 zuwa 1918.

A taron Baku na 1926 ya tsaya tsayin daka wajen kare wannan rubutu, amma hukumar Sobiyat ta riga ta karkata ga baƙaƙen Latin. A 1929 aka sauya rubutun, aka kuma kama shi. An sake shi a 1934, aka sāke kama shi a 1937, aka harbe shi. Daga 1940 baƙaƙen Rashanci suka maye gurbin na Latin. Sai a 1988 aka wanke sunansa. Kazakawan ƙasar Sin dai har gobe da ajaminsa suke rubutu.